Faɗan Samarin Zakaru: Darasi Domin Hakimai da Malamansu

Da wuya a shiga gida a ƙauyukan ƙasar nan a tarar babu kaji. Yawancinsu na mata ne da yara, kuma da su a ke biyan ƙananan bukatu, kamar kuɗin magani, da sabulu, da littafin makaranta, da saukar baƙo. Saboda haka abin da ya taɓa kaji ya taɓa tattalin gida, abin da ya taɓa tattalin gida kuwa lalle ya shafi hakimi.

Kowa ya san ɓarnar annoba da ta shaho da ta muzuru. Amma akwai wata ɓarna da ba a cika kula da ita ba, domin ba ta kashe kaji farat ɗaya, sai dai ta riƙa cin dukiya kaɗan kaɗan. Ita ce ta samarin zakaru idan sun yi yawa. Su kan yi ta faɗa da juna, su wahalar da kaji mata, su cinye tsaba, wani lokaci su ji wa yara rauni, har su haɗa maƙwabta husuma. Nufin wannan darasi shi ne a bayyana dalilin faɗan da maganinsa, domin hakimai da malamansu su iya yi wa dagatai da masu unguwanni bayani a fili.

1. Dalilin faɗan

Mutane su kan ce wane zakara mugu ne, ko kuwa an saba masa da faɗa. Gaskiyar magana ita ce, faɗa yana cikin halittar zakara. Asalin kajin gida daga wata jar kazar daji ne ta kurmin kudu maso gabashin Asiya. A can zakara ɗaya ya kan tattara 'yan kaji kaɗan ya tsare su, ya kori duk namijin da ya matso. Zakaran gida bai bar wannan hali ba.

Tun suna 'yan makonni 'yan tsaki maza su kan tsaya gaba da gaba, su ta da gashin wuya, su yi tsalle. Wannan wasa ne. Amma idan sun kai wata huɗu zuwa shida sai su balaga, zanko ya girma ya yi ja, su fara cara, su fara bin kaji. A nan ne wasa ke komawa faɗa. Abin da ke kawo wannan canji wani sinadari ne da 'ya'yan maraina ke zubawa cikin jini, ana kiransa testosteron. A shekarar 1849 wani likita Bajamushe, Arnold Berthold, na Jami'ar Gotingen, ya yi gwaji da 'yan zakaru shida. Waɗanda ya fiɗiye ya bar su haka, zankonsu bai girma ba, ba su yi faɗa ba, ba su kula kaji ba. Waɗanda ya mayar wa da ɗan maraina cikin cikinsu kuwa suka tashi suna cara suna faɗa kamar kowane zakara. Watau dai ba ƙeta ba ce, balaga ce. Duka ba ya fitar da abin da ke cikin jini.

Har wa yau kaji suna da tsarin girma a tsakaninsu. Wani masani ɗan ƙasar Norwe, Thorleif Schjelderup-Ebbe, shi ya bayyana wannan a rubuce cikin 1922. Ya lura kowace kaza ta san wadda ta fi ta da wadda ta ke fi. Babba ta sari ta ƙasa da ita, ta ƙasan kuwa ta kauce. Zakaru ma suna da nasu jeri dabam. Babbansu shi ke da iko kan abinci da wurin kwana da kaji mata. A shekarar 2015 masana na Jami'ar Nagoya ta ƙasar Japan suka nuna cewa ko carar asuba ma babban ne ke farawa, sauran su biyo baya bisa ga matsayinsu.

Idan jerin nan ya zauna, gida ya kan yi lafiya. Faɗa yana tashi ne idan ana jayayya a kan matsayi. Samari biyar ko shida da suka balaga lokaci guda, ƙarfinsu ɗaya, babu wanda zai yarda ya bi wani. Yau wannan ya ka da wancan, gobe a sake. Ba a sarki biyu a gari ɗaya, balle shida a tsakar gida.

2. Hasarar da ke ciki

Ta farko, wahalar kaji mata. Zakara ya kan kama gashin ƙeyar kaza da baki ya hau bayanta. Idan zakaru sun yi yawa, wannan ya sauka wancan ya hau, sai gashin ƙeya da na baya su tsige, fata ta fito, farce ya yage ta. Kazar da a ke kora yini guda ba ta samun sukunin kiwo, sai ta rame, ƙwai ya ragu. Mutane da yawa suna zaton yawan zakaru shi ke sa ƙwai ya ƙyanƙyashe da kyau. Ba haka ba ne, domin su kan ture juna tun ba a gama barbara ba.

Ta biyu, rauni a jikin zakarun. Zanko ya kan tsage, ido ya kan fashe. Kaji kuwa in sun ga jini sai su taru su yi ta saran wurin, har mai raunin ya mutu in ba a ware shi ba. Wanda a ke rinjaya kullum ya kan koma laɓe-laɓe, ba ci ba sha, ya zama ba ya da daraja a kasuwa.

Ta uku, tsaba. Babban zakara in a tsare ya ke ya kan ci kimanin giram 100 a yini, watau kilo 3 a wata. Idan gida yana da rarar zakaru tara, kilo 27 ke nan kowane wata. Bayan sun gama girma kuwa abincin ba nama ya ke zama ba, faɗa da guje-guje ya ke zama.

Ta huɗu, ita ce mafi nauyi, rauni ga mutane. Zakara yana tsalle ya kai bugu da ƙafafu biyu, tsallensa kuwa daidai fuskar yaro mai rarrafe ko mai tatata. Ido ba ya da madadi.

3. Zakara nawa ya isa?

Ƙa'idar da masu kiwo suka yarda da ita ita ce zakara ɗaya ga kaji mata kamar goma. In zakaran mai nauyin jiki ne a rage zuwa takwas. In mai sauƙin jiki ne mai kuzari, ya iya riƙe goma sha biyu. Ya kamata a san abu biyu kuma. Kaza tana yin ƙwai ko babu zakara. Amfanin zakara shi ne ƙwan ya zama mai ƙyanƙyashewa. Sa'an nan barbara ɗaya tana amfani ga ƙwayayen da kaza za ta yi har kwana goma ko mako biyu. Saboda haka zakara ɗaya lafiyayye ya wadatar da gida.

Amma halitta ba ta bin wannan ƙa'ida. Cikin 'yan tsakin da a ke ƙyanƙyashewa, kusan rabi maza ne. A misali, in mace ta raya 'yan tsaki ashirin, za ta sami kamar sagara goma da zakara goma. Ɗaya ne mai aiki, tara rara ne. Wannan rarar ita ce tushen fitina duka, kuma kowace ƙyanƙyasa sai ta sake kawo ta. Maganin faɗan zakaru ba horo ba ne, ragewa ne, kuma tun kafin su balaga.

A nan akwai abin da ya wajaba hakimi ya lura da shi. Kajin ƙauye a sake su ke kiwo, danga da zana ba sa tsare zakara. In mutum ya rage nasa, maƙwabtansa ba su rage ba, samarinsu za su tsallako su addabi kajinsa su yi faɗa da zakaransa. Watau ƙidayar nan ta ɗaya bisa goma ba ta gida ɗaya ba ce, ta unguwa ce gaba ɗaya. Shi ya sa maganar ta wuce tsakar gida ta iso zauren mai unguwa.

An ga shaidar wannan a da. A ƙarni na 20 an yi shirin musayar zakaru a Nijeriya da waɗansu ƙasashen Afirka, inda a ke ba mutane manyan zakaru irin na waje, kamar Rhode Island Red, domin a kyautata iri. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka raunana shirin shi ne ba a kawar da zakarun gida duka ba. Su kuwa sun fi baƙin zafin nama da sanin wuri, sai suka ci gaba da barbarar kajin. Duk unguwar da za ta karɓi ingantaccen iri, tilas ne ta fara da rage nata zakarun tare.

4. Zaɓen wanda za a bari

Lokacin zaɓe shi ne sa'ad da 'yan zakaru suka kai wata uku zuwa huɗu. A sa'an nan an bambance namiji da mace sarai, faɗa kuwa bai yi tsanani ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ga abin da za a duba:

(a) Ya fi tsararrakinsa girma, ƙirjinsa da faɗi, ƙafafunsa a miƙe, yatsunsa ba karkace.

(b) Idonsa garau, zankonsa ja, gashinsa yana sheƙi, bai taɓa doguwar jinya ba.

(c) Uwarsa mai yawan ƙwai ce, mai iya kwanci da renon 'ya'ya.

(d) Halinsa ga kaji mata. Zakara nagari in ya tono abinci ya kan kira kaji su ci, in ya hangi shaho ya yi kururuwa su ɓuya. Wanda ke korarsu daga abinci ba abin bari ba ne.

(e) Halinsa ga mutane. Ya kauce in mutum ya nufo shi, ba ya tsaya ya yi fito-na-fito ba.

Kada a zaɓi zakara don ya fi kowa iya faɗa. Zafin rai ana gadonsa. Shaida ita ce irin Asil na ƙasar Indiya da irin Shamo na Japan, waɗanda aka daɗe ana zaɓen mafaɗatansu ana haɗawa, har faɗa ya zama halin irin baki ɗaya. Wanda ya bar mafaɗaci ya yi barbara, ya shuka fitinar baɗi.

Yana da kyau a ajiye na biyu a gefe saboda tsaro, ko na farkon zai mutu. In gida yana da tsohon zakara mai hankali, kada a yi gaggawar kawar da shi, domin samari su kan ji tsoronsa, shi kuma ya kan raba su. Amma kada a bar zakara ɗaya yana barbarar 'ya'yansa da jikokinsa shekara da shekaru, don iri ya kan yi rauni. Bayan shekara ɗaya ko biyu a yi musaya da wani ƙauye.

5. Yadda za a yi da sauran

Hanya mafi riba ita ce a ware su a turke su. A yi musu akurki dabam, mai inuwa da iska, inda ba sa ganin kaji mata. Samarin da suka tashi tare, in babu mace a gabansu, faɗansu ya kan ragu ƙwarai. Kada su wuce huɗu a kowane murabba'in mita ɗaya. A sa kwanon abinci biyu ko uku nesa da juna, haka na ruwa, domin babba ba ya iya tsare wuri biyu lokaci guda. A jingina wani tsohon faifai ko guntun zana inda wanda aka kora zai laɓe, a kuma gitta sanduna don hawa. A ba su dusa da tsakin dawa ko masara, da ɗan ƙuli-ƙuli ko gasasshen waken soya da aka niƙa, da ganye, da ruwa mai tsabta kullum. Kada a riƙa fitar da ɗaya ana mayarwa, domin wanda ya yi kwanaki ba ya nan sai ya sake neman matsayinsa da faɗa.

In sun yi nama a sayar ko a yanka. A daidaita sayarwa da lokacin da kasuwa ke bukata, kamar Salla da Mauludi da Kirsimeti da lokacin bukukuwa. Akwai wani dalili kuma. Cutar Niyukasil, wadda ke share kajin gari cikin 'yan kwanaki, ta fi tashi da hunturu a ƙasashen arewa. Zakaran da aka sayar kafin sanyi ya zama kuɗi. Wanda aka ajiye ba dalili ya iya zama mushe. Sau da yawa abin da ke hana ragewa shi ne yara sun saba da zakaru, ko mai su tana ganin yawansu shi ne arziki. A tuna mata da maganar mutanen da: sabo da kaza ba ya hana yanka.

Akwai kuma fiɗiya. Fiɗiyayyen zakara ba ya faɗa, ba ya bin kaji, ya kan yi ƙiba da taushin nama. Amma 'ya'yan marainan zakara cikin ciki su ke, kusa da ƙashin baya, sai an tsaga tsakanin haƙarƙari kafin a kai gare su, kuma tun yana ƙarami a ke yi. Kuskure kaɗan ya isa ya kashe shi. Aikin malamin dabbobi ne ko wanda ya koya a hannunsa, ba na kowa da reza ba.

In an sami mai rauni, a ware shi nan da nan, a wanke wurin da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, a ajiye shi shi kaɗai har ya warke.

6. Zakara mai kai wa mutane hari

Wani saurayin zakara ya kan ɗauki mutum abokin hamayya. Yana da alamu kafin ya kai bugu: ya sauke fiffike ɗaya, ya matso a kaikaice, ya ta da gashin wuya, ko ya riƙa bin mutum ta baya. Abu biyu ke ƙara masa ƙarfin gwiwa. Ɗaya gudu, domin wanda ya gudu ya nuna an fi shi. Ɗaya kuma shuri da duka, domin wannan a wurinsa faɗa ne, gobe zai dawo ya rama. Banda haka zalunci ne ga dabba.

Abin da ya dace shi ne babban mutum ya tsaya cik, ya tare shi da faifai ko murfin kwano, ya taka gaba a hankali har zakaran ya kauce. Ana iya kama shi, a haɗa fikafikansa da jikinsa, a riƙe shi ƙarƙashin hammata na ɗan lokaci, sa'an nan a sauke shi in ya natsu. Kama zakara ya fi sauƙi da dare, don kaji ba sa gani sosai cikin duhu. Kada a rataye shi kai ƙasa, yin haka yana toshe masa numfashi. A hana yara tsokanarsa, da korar kaji a gabansa, kada kuma a bar jariri shi kaɗai a tsakar gida inda ya ke.

Ƙaimin saurayi ɗan tsiro ne, amma in ya shekara ya kan yi tsawo da tsini. Ana iya goge tsinin da magagari, kan kawai, domin cikinsa ƙashi ne mai jini. Wannan yana rage rauni, ba ya canza hali.

Dabarun nan su kan yi amfani ga wani zakara, su kan kasa ga wani. Saboda haka a sa iyaka. In an yi mako biyu ko uku bai daina ba, ko kuwa ya taɓa kai wa yaro hari ko da sau ɗaya ne, to, wuƙa ce maganinsa. Babu zakaran da kuɗinsa ya kai idon yaro.

In zakara ya ji wa mutum rauni, a wanke da sabulu da ruwa mai yawa. Ƙaimi da farce suna ɗauke da ƙazanta, hujinsu kuwa ƙarami ne a baki amma mai zurfi. In raunin ya yi zurfi, ko a fuska ya ke, ko ya kumbura ya yi zafi, a tafi asibiti ran nan, a kuma tambayi allurar tetanus, cutar nan mai sandarar da jiki ta sarƙe haƙora. Raunin ido ba a sa masa kome a gida.

7. Shigo da baƙon zakara

Zakaran da aka sayo a kasuwa ko aka yi musayarsa, kada a sake shi cikin kaji ran da ya zo. A tsare shi nesa har mako biyu a ga lafiyarsa, domin ta kasuwa cuta ta fi shigowa gida. A nemi malamin dabbobi ya yi wa kajin rigakafin Niyukasil. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, a Jihar Filato, tana yin maganin rigakafin. Bayan haka a kawar da zakaran da zai gada, a kife baƙon da kwando mai huji a tsakar gida kwana biyu ko uku, kaji su gan shi su saba, sa'an nan a sa shi cikin akurki da dare. Sakin baƙon babban zakara a kan na gida neman jini ne kawai.

8. Aikin hakimi da malaminsa

Hakimi ba zai shiga gida gida yana ƙidaya kaji ba, amma maganarsa tana isa inda ƙafarsa ba ta isa. Ga abin da a ke bukata:

Na ɗaya, idan ya tara dagatai ko ya fita rangadi, ya bayyana musu ƙa'idar ɗaya bisa goma, da dalilin da ya sa ta zama ta unguwa duka. Masu unguwanni su shirya da mutanensu lokacin da za a rage zakaru tare, sau biyu a shekara, ɗaya daga ciki kafin hunturu.

Na biyu, a tabbata maganar ta isa ga mata, tun da yawancin kajin nasu ne. A bi ta hannun mazansu, da shugabannin mata, da malamai mata na aikin gona. Kada miji ya sayar da zakaran matarsa ba da yardarta ba da sunan umurnin hakimi. Shawara ce, ba doka ba.

Na uku, malamin hakimi ya rubuta ƙauyukan da ke son rigakafi ko musayar iri, da kimanin yawan kajinsu, ya aika wa ofishin gona na ƙaramar hukuma. Ya bayyana wa mutane dalilin tambayar tun da fari, domin talaka in ya ga ana rubuta dukiyarsa ya kan zaci kuɗi za a aza masa, sai ya ɓoye gaskiya.

Na huɗu, in an kawo ƙara a kan zakara, kada a raina ta. Ƙaramar magana irin wannan ta kan raba zumuncin shekaru. A yi sulhu, a sa mai zakaran ya tsare shi ko ya kawar da shi. In an ji wa mutum rauni mai tsanani kuma sulhu ya gagara, a miƙa maganar ga alƙali.

Na biyar, a hana samari haɗa zakaru faɗa don kallo ko caca. Malamai sun yi hani ga haɗa dabbobi faɗa, kuma al'adar tana sa a riƙa ajiye irin da ya kamata a kawar.

Unguwar da ta kiyaye waɗannan za ta ga kajinta sun huta, ƙwai ya ƙaru, tsaba ta yi auki, zakarun da a da su ke zama fitina sun zama kuɗi a hannun masu su. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi domin nazari

1. Me ya sa faɗan 'yan zakaru ke tsananta daga wata huɗu zuwa shida?
2. Unguwa tana da kaji mata 120 da balagaggun zakaru 45. Nawa ya kamata a bari, nawa za a turke?
3. Me ya sa ragewar gida ɗaya ba ta wadatarwa a ƙauye?
4. Waɗanne halaye biyar a ke dubawa ga zakaran da za a bari?
5. Yaushe ne ya wajaba a yanka zakara mai kai wa mutane hari ba tare da jinkiri ba?